Tsoffin Ƙarafan Ƙyaure na Birnin Yok

Birnin Yok yana arewacin ƙasar Ingila. Daga Landan, babban birnin ƙasar, tafiyar kilometir wajen 300 ce. Wato ta ɗara nisan Maraɗi zuwa Damagaram. Amma jirgin ƙasa yana cinye ta cikin awa 2.

Baƙon da ya fito daga tasha, abin da zai fara gani shi ne ganuwa. Ganuwar dutse ce, fara-fara, tana bisa tudun ƙasa mai ciyawa. Tsawonta ya fi kilometir 3. Mutane suna hawa kanta suna yawo, suna hangen rufin gidaje da lambuna. A tsakiyar gari akwai wata babbar majami'a wadda aka yi shekara 250 ana gininta, daga wajen 1220 zuwa 1472. Ana hango ta daga nesa.

Koguna biyu ne suka gamu a garin. Babban sunansa Ouse, ƙaramin sunansa Foss. Ruwan sama kuma ba ya ɗaukewa a can, kowane wata ana samun shi. Don haka ƙasar da ke tsakanin kogunan nan kullum a jiƙe take. Mai karatu ya riƙe wannan magana ta ruwa, za a komo kanta.

Ganuwar tana da manyan ƙofofi 4. Ɗaya daga cikinsu, wadda ke hanyar Walmgate, har yanzu tana da ƙyamarenta na katako, sun fi shekara 500 a rataye. Baƙi suna tsayawa su ɗauki hotonsu. Amma akwai waɗansu ƙyamaren da suka girme su ƙwarai, waɗanda katakonsu ya tafi tuni, sai ƙarafansu kaɗai suka saura. Waɗannan ba a bakin hanya suke ba. Daga ƙarƙashin ƙasa aka tono su.

Su wa suka zauna a garin

Sojojin Rumawa ne suka kafa Yok a shekarar 71 bayan haihuwar Annabi Isa. Bayan su waɗansu suka zo, bayan waɗannan ma waɗansu suka zo. A shekarar 866, wadda ta yi daidai da 252 ta Hijira, mayaƙa daga ƙasashen arewa masu sanyi suka ci garin. Ana ce musu Vikin. Yawancinsu daga wajen Danmak suka taso, cikin dogayen jiragen ruwa na katako. Turawan Ingila sun san su da hari da kwasar ganima. Amma da suka zauna, sai suka koma noma da fatauci da sana'a. Suka auri matan wurin. Garin ya koma ana kiransa Jorvik. Sarkinsu na ƙarshe an kore shi a 954, amma talakawansu ba su tafi ko'ina ba.

Har yau sunayen hanyoyin Yok suna ɗauke da harshensu. Akwai wata gajeriyar hanya kusa da kogin Foss, sunanta Coppergate. Masana sun ce ma'anar sunan ita ce hanyar masu sassaƙa kofuna. Kamar yadda a garuruwan Hausa ake samun unguwar Maƙera ko unguwar Majema alhali maƙeran da majeman sun daɗe da tashi, haka sunan nan ya zauna shekara dubu.

Ramin da aka yi shekara 5 ana haƙa

A wannan hanya da akwai wata masana'antar alewa. Da aka rushe ta don a gina kantuna, sai masu binciken kayan tarihi na garin suka nemi a ba su lokaci su duba ƙarƙashinta tukuna. Aka yarda. Suka fara haƙa a 1976, ba su gama ba sai 1981. Shugaban aikin sunansa Richard Hall.

Haƙarsu ba irin ta mai ginar rijiya ba ce. Da ƴar cebur ta magina suke kankare ƙasa, kaɗan-kaɗan, a durƙushe cikin laka. Filin bai fi murabba'in metir 1,000 ba, wato kashi ɗaya cikin goma na eka babba da ake ce wa hekta. Manomi zai nome shi da hantsi. Amma zurfin abin da mutanen da suka tara a wurin ya kai metir 9 a wani gefen. Dalili kuwa, mutanen da ba su kwashe shara. Inda suka zauna nan suke zubarwa, in gida ya tsufa su baje shi su gina wani bisa kansa. Haka ƙasa ta yi ta tashi, hawa bisa hawa.

Ga inda ruwa ya yi amfani. Abin da ke ruɓar da icce da fata da tufa shi ne iska da ƙananan halittun da ke rayuwa da ita. Ƙasar Coppergate kuwa laka ce mai cike da ruwa, iska ba ta shiga. Sai kayan suka kwanta kamar an ajiye su jiya. An fito da abubuwa wajen 40,000. Akwai takalman fata. Akwai safa guda ta ulu. Akwai matajan kai na ƙahon barewar ƙasarsu. Akwai kofuna da akusa na icce, har da guntayen da suka zuba daga wurin masassaƙi, abin da ya gaskata sunan hanyar. Akwai hular mace ta siliki. An samu wuri guda, irin wanda ke fitowa daga Bahar Maliya. An samu kuɗin jabu mai rubutun Larabci, wanda aka kwaikwayi dirhamin Samarkand. Ashe mai cuta a kasuwa ba yau ya fara ba.

An kuma ga gidajen kansu. Filaye 4 ne a jere, kowane faɗinsa wajen metir 5 da rabi, dogaye zuwa baya, fuskarsu na kallon hanya. Gidajen farko, na bayan shekarar 900, da sanduna aka saƙa bangonsu kamar shinge, da murhu a tsakiyar ɗaki. Kafin shekarar 1000 aka sāke su da gidajen katako masu ɗaki a cikin ƙasa. Katakon na wani icce ne mai tauri da ake kira ok, wanda a wajensu yake kamar ƙirya a wajen Bahaushe. A wani wurin bangon yana nan tsaye, ya kusa tsayin mutum.

Ƙarfen da ba shi da kyan gani

Cikin wannan tarin kaya akwai dubban ƙarafa. Wuƙaƙe, allurai, ƙusoshi, mabuɗai, kayan doki, kayan aikin maƙeri. Akwai kuma waɗansu da baƙo zai wuce bai dube su ba. Wani guntun ƙarfe ne mai faɗi kamar yatsa biyu ko uku, da huji-huji a jikinsa, bakinsa guda a naɗe. Wani kuma lanƙwasasshe ne kamar gwiwar hannu. In manomi ya ci karo da irinsu a gona, zai jefa su gefe, ko ya kai wa maƙeri a ƙara a bakin kalme. Waɗannan su ne maratayan ƙyaure.

Ga yadda suke aiki. Abu biyu ne, namiji da tamata. Namijin shi ne mai kama da gwiwar hannu. Hannunsa ɗaya mai tsini ne, ana buga shi cikin iccen gefen ƙofa har ya nutse. Ɗaya hannun kuma mulmulalle ne, yana tsaye yana kallon sama. Tamatar ita ce ɗamarar ƙarfe mai faɗi. Ana kafa ta da ƙusoshi a jikin ƙyaure, bakinta kuma an naɗe shi ya zama ido. Sai a ɗaga ƙyaure, a zura idon bisa namijin. Biyu ake sa wa, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Shi ke nan, ƙyaure ya rataya, yana juyawa.

Wanda ya san tsoffin ƙyamaren ƙasar Hausa ya san wata dabarar dabam. Masassaƙi yakan bar wa ƙyaure ƙaho a sama da ƙafa a ƙasa, ƙafar ta zauna cikin rami a dokin ƙofa, ƙahon ya shiga huji a sama. Wannan ba ya bukatar ƙarfe ko kaɗan, kuma a ƙasashe da yawa na duniya an yi amfani da shi, har da ƙasar Turai. Talaka kuma yana iya ɗaure ƙyaurensa da igiya ko tsirkiyar fata, ko ya rataya asabari ya kwanta. To me ya sa mutum zai kashe dukiya a kan ƙarfe?

Ɗamarar ƙarfe aiki biyu take yi. Tana rataye ƙyaure, tana kuma riƙe allunan katako kada su rabu. Ƙyauren da aka yi da alluna 4 ko 5, in ba a ɗaure shi ta gicciye ba, zai saki, ya sunkuya, ya riƙa jan ƙasa. Ɓarawo kuma ya fi son ƙyauren da zai ɓalle allo guda ya zura hannu.

A tuna kuma, a zamanin nan ƙarfe ba abin banza ba ne. Babu tsohuwar mota da za a yanka. Sai an haƙo tama, an ƙona gawayi, an gina murhun yumɓu, an yini ana zuga, kana a fitar da dunƙule guda a yi ta dukansa har kashin ya fita. Tsofaffin maƙeran Adar sun san wannan wahala, don haka kakanninsu suka yi har zuwan ƙarafan Turawa. Mutumin da ya ɗauki ƙarfen da zai yi wuƙa biyu ko uku ya kafa shi a ƙyaure, lalle akwai abin da yake tsaro a bayan ƙyauren.

Yadda ake sa ƙarfe ya yi magana

Ƙarfen da ya kwana shekara dubu a ƙasa yakan fito da tsatsa da laka sun manne masa. Na Coppergate da dama sun fito da sauran kyansu saboda rashin iska, amma duk da haka ido kaɗai ba ya isa. Sai a kai su a yi musu radiyo, irin hoton da likita ke ɗauka don ya ga ƙashin da ya karye. A cikin hoton sai siffar ƙarfen ta fito sarai. A ga hujin ƙusa nawa ne. A ga inda maƙeri ya haɗa ƙarfe biyu da wuta. A ga zanen ado da tsatsa ta rufe. Ta haka aka gane cewa waɗansu ƙarafan an shafe su da ruwan kuza, don su yi fari kamar azurfa, kuma kada su yi saurin tsatsa. Wani masani mai suna Patrick Ottaway ya yi shekaru yana duban ƙarafan nan ɗaya bayan ɗaya. Littafinsa a kansu ya fito a 1992.

Ƙusa ma tana da nata labari. Idan maƙeri ko masassaƙi ya buga ƙusa ta ratsa ɗamara ta ratsa katako, tsininta yakan fito ta baya. Sai ya lanƙwasa shi ya kwantar, don kada a zare ta. Katakon ya ruɓe, amma ƙusar tana nan da lanƙwasarta. In aka auna daga kan ƙusa zuwa inda ta lanƙwashe, an san kaurin allon da babu shi yanzu. Allo mai kauri, ƙyauren ɗaki ne. Allo siriri, watakila murfin akwati ne ko ƙyauren taga.

Wannan bambanci yana ba masana wahala. Akwatin katako ma da ɗamarar ƙarfe ake rataye murfinsa. Sai dai a akwati sau da yawa ɗamara biyu ce ake sarƙewa, idon wannan cikin idon waccan, kamar zoben sarƙa. In an samu bakin da ke da ido, ana iya ganewa. In kuwa tsakiyar ɗamarar kaɗai aka samu, karyayya gaba da baya, to mai gaskiya sai ya rubuta cewa ɗamarar ƙarfe ce, ya yi shiru. Namijin nan mai kama da gwiwar hannu shi ya fi faɗin gaskiya, don aikinsa a jikin gini yake. Babba na ƙofa ne, ƙarami na taga ko na wurin ajiya.

Abin tambaya shi ne, me ya sa yawancinsu karyayyu ne? Amsar tana hannun duk wanda ya taɓa tashi daga tsohon gida. Mai tashi ba ya barin ƙyaure mai kyau. Yana cire shi ya tafi da shi. In katakon ya lalace, ya ɓamɓare ƙarfen, katakon ya shiga murhu. Ƙarfen da ya karye kuma a kai maƙera. A filayen Coppergate ɗin kansu an yi ƙira. An samu kashin maƙera, da sandunan ƙarfe da ba a riga an sarrafa ba, da guntaye da aka yanka. Har ƙarfen buga kuɗi an samu guda 2. Saboda haka wani guntun maratayin da aka tono, mai yiwuwa ba daga ƙofar gidan ya faɗo ba. Daga tarin tsoffin ƙarafan maƙeri ya ɓace, ya nutse a laka, yaron maƙeri bai gan shi ba.

Tare da maratayan an samu ƴan uwansu: ƙarfen da ake saƙala kwaɗo, da ƙusa mai ƙafa biyu da yake shiga, da kwaɗuna, da mabuɗai iri-iri. Kwaɗon nasu yana da ƴan ƙarafa masu tsalle a ciki. In an tura su suka shige, sai su buɗe su ƙi fitowa. Mabuɗi ne ke shiga ya matse su. Wanda ya taɓa riƙe tsohon kwaɗon da maƙeran Abzinawa ke yi wa jakar fata zai gane wannan dabara nan da nan. A ƙasashen Vikin na asali kuma an sha samun mabuɗai cikin kaburburan mata. Masana da yawa suna ganin alama ce ta uwargida, mai riƙe da ajiyar gida.

In aka haɗa duka, sai hoton hanyar ya fito. Gidaje ne a matse, bango kusa da bango. Baƙi suna sauka daga jiragen ruwa kullum, ba a san asalinsu ba. Mai sana'a yana da kayan aiki da hajar sayarwa a ɗakinsa na cikin ƙasa. A ƙauye kowa ya san kowa, kara guda a bakin ƙofa ya isa. A birni sai da ƙarfe. Littattafan zamanin sun ba da labarin sarakuna da yaƙe-yaƙe da limaman majami'a. Ba su ce kome ba a kan masassaƙin kofuna da yadda yake rufe ɗakinsa da dare. Guntun ƙarfen nan ne ya faɗa.

Wurin da abu ya kwanta

Akwai dokar da masu wannan aiki ba su ƙetarewa. Ba a ɗaga abu sai an rubuta inda yake. A wane fili? A wane hawa na ƙasa? Cikin ɗaki ko a bayan gida? Me ke kusa da shi? Kowane ƙarfe da lambarsa. Dalili shi ne, maratayin ƙyaure bai sāke kama ba sosai. Wanda aka ƙera a shekarar 950 da wanda aka ƙera a 1750 suna iya zama kamar tagwaye. Ƙasar da ya kwanta a ciki ita ce shaidarsa. In a hawan akwai kuɗin wani sarki da aka san shekarunsa, ko katakon da aka san lokacin da aka sare shi, to an san shekarun ƙarfen. In kuwa wani ya tsince shi ya sa aljihu, ya kawo bayan wata guda, ya zama tsohon ƙarfe kawai. Ko awaki ba za a saya da shi ba.

Nijar ta ga irin wannan asara. A Bura, cikin yankin Tera, an gano wata tsohuwar maƙabarta a 1975, mai tukwanen ƙasa da mutum-mutumi da kibau na ƙarfe. Masanin tarihi Bube Gado ya haƙa wani yanki nata bisa ƙa'ida a 1983, kuma daga aikin nan ne aka san abin da aka sani. Daga baya, a shekarun 1990, da kayan suka yi suna a Turai, sai dillalai suka shigo da kuɗi. Aka yi ta tone wurare da dare da rana. Tukwanen da suka yi kyau suka ƙetare teku, waɗanda suka fashe aka watsar, ƙarafan da ke tare da su ba wanda ya kula. A 1997 gwamnati ta kafa dokar kare kayan tarihi. Amma ramin da aka riga aka birkice, ba mai iya karanta shi kuma.

A Coppergate ma saura kaɗan a yi irin wannan. A watan Mayu na 1982, bayan masu bincike sun tashi magina sun shiga, bakin motar haƙa ya bugi wani abu mai tauri. Direban ya tsaya, ya sauka ya duba. Ashe hular yaƙi ce ta ƙarfe da tagulla, wadda aka ƙera tun kafin zuwan Vikin, wajen shekarar 770. Aka kira masana, suka same ta a inda take, cikin wani rami mai bangon katako. Yau tana gidan kayan tarihi na Yorkshire, cikin garin, kuma tana cikin mafi kyawun irinta a duniya.

Wurin a yau

An gina kantunan. Wanda ya bi ta Coppergate yanzu zai ga masu sayayya da masu shan shayi. Amma a ƙarƙashin ƙafafunsu, daidai inda aka yi ramin, an buɗe gidan kallo a 1984, aka sa masa tsohon sunan garin, Jorvik. Ana sauka da matakala. Akwai daɓen gilashi, mutum yana tafiya yana ganin yadda ramin yake a lokacin aiki. Daga nan a shiga ƴan kekuna masu tafiya da kansu, su ratsa da mutum ta cikin unguwar da aka sāke ginawa kamar yadda take shekara dubu da suka wuce. Ga maƙeri, ga masassaƙi, ga mai sayar da kifi, duka mutum-mutumi. Har wari an sa, na hayaƙi da na kifi da na bayan gida. Ƴan lakkwal sun fi son wannan warin bisa kome.

Ruwan da ya adana kayan bai bar halinsa ba. A watan Disamba na 2015 kogin Foss ya yi ambaliya, ruwa ya shiga gidan kallon. Ma'aikata suka kwashe kayan tarihin kafin ya kai gare su. Sai a watan Afrilu na 2017 aka sāke buɗewa.

Ƙyauren da bai rabu da ƙarfensa ba

Gani ya kori ji. Wanda yake son ya ga irin ƙarafan nan a jikin katakonsu, sai ya fita daga Yok ya yi kudu, tafiyar kilometir wajen 11, ta cikin gonakin alkama da makiyayar tumaki. Zai iske wani ƙauye mai suna Stillingfleet. Majami'ar ƙauyen ta dutse ce, an gina ta wajen shekarar 1150. Tsohon ƙyaurenta yana nan, amma an shigar da shi ciki don ruwa da iska kada su ƙarasa shi.

A nan ne mutum zai gane cewa maƙerin da ba ya tsayawa ga amfani kaɗai. Maratayan manya ne guda 2. Kowane yana da ɗamara miƙaƙƙiya, da wata lanƙwasasshiya kamar jinjirin wata, bakinta ya ƙare da kan dabba mai kama da maciji. A tsakiyar ƙyauren akwai ɗamara da aka kitsa kamar igiya. A sama kuma maƙerin ya yanka ƙarfe ya yi siffar jirgin ruwa mai dogon wuya, da ƴan mutane a gefe. Wani sashe ya faɗi ya ɓace. Mutanen wurin sun daɗe suna cewa jirgin Vikin ne. Waɗansu masana kuma suna ganin jirgin Annabi Nuhu ne, tun da a ƙofar wurin ibada yake. Yawancin masana sun tsaya a kan cewa aikin na zamanin ginin majami'ar ne, wato shekara 200 bayan korar sarkin Vikin na ƙarshe. Amma hannun maƙerin bai manta da salon kakanninsa ba.

Akwai wani ƙyauren da ya girmi wannan, a can kudu, nesa da Yok, a ƙauyen Hadstock kusa da birnin Kambirij. Shi har yau ana buɗe shi ana rufewa. An san shekarunsa ta hanyar ƙidayar zoben icce. Duk manomin da ya sare icce ya ga zobe-zobe a kututture. A ƙasar Turai kowace shekara icce yana ƙara zobe guda, mai faɗi a shekarar albarka, siriri a shekarar wahala. Masana sun jera waɗannan zobba na shekaru aru-aru, sai su gwada na katako da jerin su ga inda ya dace. Na Hadstock ya nuna an sare iccen a tsakiyar ƙarni na 11, wajen shekarar 1050.

A ƙarƙashin ɗamarun ƙarfen ƙyauren nan an samu guntayen tsohuwar fata. Shekaru ɗaruruwa mutanen ƙauyen suna gaya wa ƴaƴansu cewa fatar mutum ce. Wai wani ɗan Danmak ne ya zo satar kayan majami'a, aka kama shi, aka feɗe shi, aka kafa fatarsa a ƙofa don ta zama gargaɗi. Har an ɗauki guntu an ajiye a gidan kayan tarihi na garin Saffron Walden da ke kusa. Masana suka gwada ta, sakamakon wani gwajin ya fito a 2022. Fatar saniya ce. Da can ana lulluɓe ƙyaure da ƙirgi kafin a kafa ƙarfe a kai, don ya toshe iska, ya kare katako, ya kuma yi kyan gani. Sauran fatar duk ta ruɓe ta zube. Inda ƙarfe ya danne kaɗai ta saura.